Takaba a Masanawa

Zinnira ce ta ƙirƙiro wata manhaja da masu rubuta manhajoji ke gano kurakuran aikinsu da ita, ta sake ta kyauta ga kowa. Da abokan aiki suka yi yawa, ita da kanta ta kafa doka cewa duk mai kula da manhajar da ya yi wata uku shiru, a karɓe ikonsa.

Sai mijinta ya rasu, ta shiga takaba a gidan iyayensa a Masanawa, gidan da waya ba ta samun sabis sai an fita bakin titi. Da wata na uku ya zo ƙarewa, ta rungumi kwamfutarta ta nufi zaure.

"Ina zuwa, 'yar nan?" in ji surukarta.

"Bakin titi, Inna. Za a raba ni da aikina."

"Mai takaba a bakin titi? Ki bari ƙasar kabarinsa ta bushe mana."

Zinnira ta dubi kumburarrun idanun tsohuwar, ta koma ɗaki.

Ranar da ta fita takaba ta shiga mota zuwa garin Kabo, ta buɗe kwamfutarta, ta tarar an cire ta daga masu kula da manhajar. Zayyad, wanda ita ta koya wa aikin, ya rubuto mata cewa in ta bayyana wa abokan aiki uzurinta za a mayar da ita.

Ba za ta baje mutuwar mijinta a gaban baƙi don a tausaya mata ba. Ta gyara wani kuskure da ta hango a manhajar, ta tura kamar kowane sabon shiga, ta zauna jiran amincewar Zayyad.