Bakin Mai Walda

Haƙori biyu ne a ƙasan ɗakin tambaya, ɗaya gindin kujera, ɗaya cikin jinin da ya fara daskarewa. Mai waldan da aka ɗaure a kujerar yana numfashi ta baki, leɓensa ya kumbura suntum.

Masanin murya ya tsaya a bakin ƙofa da rikodarsa. Aikinsa ya saurari magana, ya lura da inda mutum ke jan numfashi da kalmomin da bakinsa ya saba da su, ya faɗi mai ita. 'Yan sanda na kiransa Kunnen Gwamnati.

"Kunne, shigo mana," in ji Sufeto, yana goge hannu da tsumma. "Mun tausasa maka shi."

Kwanakin baya ne bam ya tashi a tashar mota. Masanin ya je wurin, ya ga takalmin wata mata da ƙafar a ciki. Daga baya wani ya saki saƙon murya yana cewa aikinsu ne, kuma saura kasuwa. In muryar ta mai walda ce, igiya ce makomarsa.

Masanin ya kunna rikoda. "Bawan Allah, faɗi sunanka da sana'arka."

Mai walda ya buɗe baki. Iska ta bi ta gurbin haƙora, harshen ya kasa juyawa, sai jini da gurnani.

"Shi ne ko?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, bakin da zan auna kun farfasa shi. Ko uwarsa ba za ta shaida wannan muryar ba."

"To rubuta cewa ta yi kama."

"Ba zan rubuta ba."

Sufeto ya juya ya kai wa mai walda naushi a ciki, kujerar ta kife da shi. Masanin ya fice.

A kan bencin waje matar mai walda na zaune. Ta miƙe ta tare shi.

"Malam, an ce kai ne mai sauraro. Ga wayata, cike take da saƙonninsa. Don Allah ka ji, ka gaya musu su sake min miji."

Ya sa abin ji a kunne. Murya ce mai daɗi, tana tsokanar matar kan tuwon da ta ƙona, tana cewa a ajiye masa ƙanzon. Mutumin ya ja numfashi a tsakiyar magana, ya ɗan yi kaki, ya ce "kin gane dai". Masanin ya san wannan numfashin da wannan kakin. Tun ranar da aka saki saƙon bam ɗin yake kwana yana tashi da su.

"Ka ji ko, Malam? Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa!"

Saƙon ya ƙare. Bai cire abin jin daga kunne ba, ita kuma tana tsaye tana murmushi, ta miƙo hannu ta karɓi wayarta.