Awa Biyu Zuwa Sama

Mai ƙididdigar asibitin yana da wani ɗan hali: in lissafi ya gagare shi, sai ya zaɓi lambar da ba za ta tayar wa kowa hankali ba.

Asibitin kan tambayi masu fita tsawon jiran da suka yi kafin ganin likita, amsoshin kuma rukuni-rukuni ne: ƙasa da rabin awa, rabin awa zuwa ɗaya, ɗaya zuwa biyu. Kwamfuta kuwa lamba guda take so, don haka ya rubuta mata umarni ta haɗa farkon kowane rukuni da ƙarshensa ta raba biyu. Na ƙarshe ne ya turje: awa biyu zuwa sama. Abin da ba shi da ƙarshe, ina tsakiyarsa? Ga shayinsa na hucewa, sai ya buga biyu da rabi. Rahoto ya fito tsaf, manya suka ce ba a bukatar ƙarin likita.

Ran da ya kawo yayarsa a duba ƙafafunta da suka kumbura, hantsi ya same su a kan benci, azahar ta wuce su, la'asar ma ta leƙo.

"Auta," in ji Yaya, "wai kai ne ke auna jiran nan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ashe a banza gashin kanka ya zube. Na zo da ƙafafu, zan koma da turame."

Ya yi dariyar yaƙe. Ya dubi layin: tsoho mai tari, mace da jaririn da ya gaji da kuka. Duk shi ya rage musu wuni ya koma awa biyu da rabi, don kada shayi ya huce.

Da aka kira Yaya, ya haye ofis yana haki, ya goge lambar ya sa shida. Matsakaicin jira ya kumbura ya fi ƙafar Yaya. Ya tura wa shugaba sabon rahoto, haɗe da ban haƙuri, ya sauko sakayau.

A bakin ƙofa ya tarar ma'aikaciyar tambayoyi ta tare Yaya.

"Mama, kin daɗe kina jira?"

"Ina! Ko rabin awa ban yi ba, 'yata." Ta juyo ta raɗa masa, "Ƙanena na aiki a nan, ni zan tona masa asiri?"

Ma'aikaciyar ta latsa rukunin farko. Tsakiyarsa minti goma sha biyar ne.