Muryar Gambo a Ƙasan Rijiya

Nomau, shugaban mahaƙa rijiya, ya fito da gwaninsa daga rami ya tura sabon shiga. Haka yake yi kullum a rijiyar da gwamnati ta ba su a Hamdara. Wanda ya yi haƙa yau, gobe shi ke riƙe igiya, jibi ya koyi tokare bango da itace. Sai aikin ya yi nawa.

Inusa, wanda kumandan gundumar ya ɗora a kan aikin, ya zo daga Zinder ransa a ɓace.

"Baba, damina ta kusa. Ka bar kowa a kan abin da ya iya, in ba haka ba a ba mahaƙan Mirriya rijiyar."

Nomau ya leƙa ramin. Tun yana saurayi, duk ramin da ya leƙa muryar wansa Gambo yake ji. A ƙungiyarsu ta da, Gambo kaɗai ya iya tokare bango, kuma shi ƙasa ta rufta wa har ƙirji. A natse ya yi ta kwatanta wa waɗanda suka sauka yadda za su kafa itacen, amma ba wanda ya taɓa yi. Har la'asar yana maimaitawa, muryar tana ƙanƙancewa, ƙasa tana zubowa.

Inusa ya ce, "Baba, magana nake. Me mutanenka za su ci in aikin ya tafi? Ka mai da gwanin ciki."

Nomau bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ba zan mai da shi ba."