Moɗar da Aka Ware wa Hama

Shekara talatin da ɗaya muna ciyayya a ƙofar gidan Alhaji Badaru. Bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa, mu shida, a haɗa hannu. Ban taɓa ganin an ware mutum ba sai da abin ya zo kan ƙanena Hama.

Hama direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ƙarfinsa ya ƙare tsakanin Gaya da Kwatano. Da ciwon suga ya kama shi ya ajiye mota, lokotoro, wato likita, ya ɗora shi kan wata ƴar ƙwaya. Tun daga nan yake farkawa sharkaf da zufa, ko a tsakiyar sanyi. Matarsa Zalika kowace safiya sai ta shanya katifa bisa katanga. Katangar kuwa hanyar masallaci take kallo.

Alfari, abokin ciyayyarmu, shi ne ya fara tsegumin. Ɗan kasuwa ne, ya yi aji uku a lakwal, makarantar boko, shi ke nan ya fi kowa sani. Wai ya karanta a bangon asibiti cewa zufar dare da rama alamar tarin fuka ce.

Ina gona a Bengu aka yi abin. Hama ya fito da tuwon masara da miyar kifi, ya tarar an shimfiɗa masa buzu can gefe, da moɗa daban.

"Ba don komai ba, Hama," in ji Alhaji Badaru, kansa a ƙasa. "Har dai a gani."

"A ga me, Alhaji?"

"Katifarka ta riga ta gaya wa gari," in ji Alfari.

Hama ya ɗauki kwanonsa ya koma gida.

Bayan kwana tara na dawo, Zalika ta tare ni a zaure. "Yaya, ƙanenka ya daina cin abincin dare. Ya ce shi ba kare ba ne da zai ci shi kaɗai. Ƙwayar kuwa bai fasa sha ba. Jiya da asuba na same shi jiƙe yana karkarwa, bai gane ni ba sai da na ɗura masa kunu."

Ban ko cire takalmi ba na kai shi asibiti. Aka auna jini, aka ɗauki majina. Da sakamako ya fito, lokotoro ya ce, "Baba, huhunsa lafiya lau. Ƙwayar ce ke saukar da suga fiye da kima, ita ke kawo zufar. Wanda ya sha ta ya kwana da yunwa, yana iya ƙin tashi." Ya rage masa maganin, ya ce lalle ya riƙa ci da dare.

"A ina zan ci?" in ji Hama.

Da magariba na ja hannunsa har ƙofar Alhaji Badaru. Buzun yana nan, moɗar tana kife a kansa. Na ɗauke ta, na cika ta da ruwa, na ba Hama ya kurɓa, na shanye sauran a gabansu. Sannan na faɗa musu abin da lokotoro ya ce, ban rage komai ba.

"Malam Yazidu, ina takardar asibitin?" Alfari ya tambaye ni.

Na ce, "Ranar da ka kore shi, takardar wa ka nuna? Mutumin da ya ɗauko gawar mahaifinka daga Malanbil, shi ka ba buzu. Saura ƙiris yunwar da kuka jawo masa ta kashe shi, ba tari ba."

Alhaji Badaru ya jawo kwanon Hama tsakiya, ya sa hannu, ya ce, "Bismillah, Hama. Mun yi kuskure." Hama ya daɗe yana kallon tuwon kafin ya yanki loma. Alfari ne na ƙarshen sa hannu, ban kuma ɗauke ido daga kansa ba har ya haɗiye.

Zufar ta ragu, ba ta ɗauke duka ba. Zalika ta ce za ta riƙa shanya katifar a bayan ɗaki. Na ce ko kusa. Bisa katangar nan za ta ci gaba da shan rana, duk mai zuwa masallaci ya kalla.