Tattabarun Tela

Tela bai so zuwa ofishin sulhu ba. Kotu yake so, inda ake ƙwala kiran mai laifi kowa ya juyo ya kalle shi. Amma wanda ya kashe masa tattabaru yayan matarsa ne, mai walda, kuma matar ta yi ta kuka har ya haƙura. Abin da ya fi ci masa rai, ita ma ba ta yarda da shi ba. Yayanta ya ce ciwo ne ya kashe su, ta hau kai ta zauna. Tun ranar, ko abinci ta ajiye masa, kallon maƙaryaci take yi masa.

Ɗakin ƙarami ne, tebur a tsakiya, fanka na juyawa kamar an yi mata dole. Mai sulhun, wata dattijuwa mai tabarau, ta faɗi ƙa'idarsu: ɗaya ya yi magana, ɗayan ya yi shiru, sannan ya maimaita abin da ya ji, har mai maganar ya ce e, haka ne.

Wani daɗi ya ratsa tela. Mai walda fa, da bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen zance ba!

Ya fara a hankali, kamar mai warware ɗinki. Yadda tattabarun suka yi kashi a kan ƙofofin da mai walda ya shafa wa fenti. Yadda ya rantse sai ya ga bayansu. Hatsin da aka tsinta a gindin katanga yana warin maganin ɓera. Da gurguwar cikin tattabarun, wadda ta mutu a kwance kan ƙwanta.

"To, maimaita," in ji mai sulhu.

"Ya ce tsuntsayensa sun mutu."

"Ba haka na ce ba, Yaya."

"Kai, ɗan zare da allura, ni za ka mayar ɗan firamare?"

"In kun fi son kotu, babu mai hana ku," in ji dattijuwar.

Mai walda ya san mai kantin da ya sayar masa da maganin ba zai rufa masa asiri gaban alƙali ba. Ya sake farawa, ya tsallake hatsin. Aka koma farko. Ya kawo hatsin, ya manta gurguwa.

"Daga farko, Yaya. Ba sauri muke ba."

Can mai walda ya doki tebur.

"E, na zuba! Ni na zuba ɗin! Aikina suka ɓata! Sai me?"

Tela ya jingina da kujera ya lumshe ido.

Mai sulhu ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan, nan yake tsayawa, sai wanda suka amince ya fita. Ta tambayi tela me zai sanyaya masa zuciya.

"Zan saya masa wasu," in ji mai walda, murya ta yi ƙasa.

"Riƙe abinka. Gidana za ka zo, ka zauna gaban ƙanwarka, ka faɗa mata da bakinka. Ita kuma ta maimaita min, har in ce e, haka ne."

"Yarinyar da na goya a bayana?"

"Ita. Ko kuma kotu."

Mai walda ya kalli hannayensa masu tabon ƙuna.

"Yaushe?"

"Yanzu. Tana gida." Tela ya miƙe ya buɗe masa ƙofa. "Shige gaba, Yaya, ai kai ne babba."