Farar Safar Hannu

A duk inda ake baje kolin barguna a jihar Ohio ta Amurka, doka ɗaya ce tun kakanni: ba a taɓa bargo sai da farar safar hannu, domin zufa na cin yadi. Madam Hargrove, mai kula da zauren gunduma, ta gaji wannan doka, ba ta kuma taɓa sassauta ta ba.

Bargon da aka rataya a ranar kuwa na tunawa ne. Ƙungiyar naƙasassu ce ta harhaɗa shi, kowane ƙyalle da sunan wani da ya rasu a gidajen da ake killace irinsu a da. Odessa Tull, dattijuwa makauniya, ta ɗinka na ƙanenta Cleon da ƙulle-ƙullen zare, a rubutun makafi, ta aika wa mata masu gani suka jona. An binne Cleon ba suna a kan kabarinsa. Don haka ta rantse jama'a ba za su shigo ba sai ta karanta sunan da yatsunta.

Madam Hargrove ta miƙa mata safa. Odessa ta sa, ta shafa, ba ta ji komai ba.

"Baiwar Allah, wannan ai kamar in ɗaure miki ido ne in ce ki karanta."

"Ki yi haƙuri, Mama. Ko gwamna ne ya zo, da safa zai taɓa."

Dewey, shugaban ƙungiyar, ya murza kekensa na guragu ya tare bakin ƙofa. A waje mutane sun fara ƙwanƙwasawa.

"Madam, mun taɓa rarrafe mun hau matakalar majalisa," in ji shi. "Zaman ƙofa ai hutu ne a wurina. Kira ƴan sanda, sun san nauyin keken nan."

Odessa ta zare safar a hankali, ta ɗaga tafukanta.

"Duba su. Na wanke da sabulu."

Ba ta jira izini ba, ta ɗora yatsunta a kan ƙyallen Cleon. Madam Hargrove ta yunƙuro, ta tsaya cak, domin ta ga fuskar dattijuwar ta canza. Yatsun suka bi ƙulle-ƙullen, suka dawo, suka sake bi.

"Sun kifa shi," in ji Odessa. "Ƙasa ta koma sama. Wannan ba sunan kowa ba ne."

Masu ido da yawa sun duba bargon nan, babu wanda ya lura.

"Dewey, ɗan nan, almakashi," in ji Odessa.

Madam Hargrove ta dubi ƙofar da ake bugawa, ta dubi ƙyallen. Sannan ta ciro ƙaramin almakashi daga aljihunta, ta ɗora shi a tafin Odessa.

"Su jira," ta ce. "Ta wane gefe za mu fara warwarewa, Mama?"