Kwandon Mahasin

Fadl ne ya kashe ɗan yayarsa, ko da yake bai taɓa shi da hannu ba. Shi ya miƙa wa Muhannad kofin giya, yaro yana ɗan shekara sha tara, kuma shi ya ba shi makullin babur.

Kada wani ya ce bai sani ba. Ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Amurka. Da bakinsa yake ba da labari a wurin mai shayi a unguwarsu ta Ard al-Liwa a Masar cewa a can, duk jihar da ta bar wanda bai kai ashirin da ɗaya ba ya sayi giya, gwamnatin tarayya na zaftare mata kuɗin hanya. Yana faɗa yana dariya: "Ku ji fa, kwalta ce ke yi musu wa'azi!"

A kan kwalta aka tsinci Muhannad, da rana tsaka.

Mahasin, uwar yaron, a hawa na huɗu take. Kamar sauran matan unguwa, tana da kwando mai igiya da take zurawa ta baranda. Da la'asar Muhannad yakan yi fito daga ƙasa, ya sa burodi mai zafi, ya ɗaga kai ya ce, "Yalla, Umma, ja! Ko in shiga ki haɗa da ni?"

Har bayan arba'in ba ta daina zura kwandon ba. Takan tsaya tana sauraron fito a cikin hayaniyar motoci, sannan ta jawo shi wayam.

Wata la'asar sai igiya ta yi nauyi. Ta leƙa, ta ga Fadl.

"Yaya, burodi ne. Daga wurin da yake saye na sayo."

"Wa ya ce ka taɓa masa kwando?"

"Ma'alish, Yaya, ki yi haƙuri. Ni ma ɗana ne."

"Ɗanka? Da ɗanka ne, da ruwa ka ba shi."

Ba ta da wani ɗan'uwa a duk Masar sai shi, kuma ta san in ta ja, ta yafe ke nan. Ƙamshin burodin ya iso mata har sama. Ta riƙe igiyar ta daɗe, sannan ta buɗe hannu.

Kwando ya faɗi a gaban Fadl, igiya ta biyo shi. Ba ta sayi wani ba.

Fadl yana nan da ransa a unguwar. Ba mai zama benci ɗaya da shi, kuma yayarsa ba ta sake kiran sunansa ba.